Ƙarfen da Ke Rataye a Gawo

Ranar Talata ce, lokacin roron wake. Da na idar da sallar asuba na sha kunu, na ɗauki buhu na nufi gona. Na bar matata Rabi tana daka. Ƙauyenmu yana kudu da Hawandawaki, kusa da iyaka.

Muna da wani tsohon ƙarfen tayar mota da muka rataye a gawo bisa tudu. Kullum mutum guda yakan zauna wurin yana duban kudu. In ya hango ƙurar 'yan bindiga sai ya buga, kowa ya gudu.

Da damina kwamandan sojojin ƙetaren iyaka ya zo tare da hukumominmu. Ya ce gwamnatinsu da tamu sun haɗa kai. Ya karɓi lambar mai gari, ya ce ko moto ɗaya, wato babur, ya doso mu, zai kira. Da kaka ta yi, ni na fara cewa a daina gadin tudu, wake yana zuba a gona. Yayana Isuhu ya ƙi. Ya ce ta gaban shingen sojojin nan ake wucewa da shanun sata. Na yi masa dariya a gaban mutane, aka daina gadin. Har yau abin yana cina.

Ranar Talatar nan, ƙarfe tara da rabi na ji rurin babura daga kudu. Wayar mai gari tana aljihunsa, ba ta yi ƙara ba.

Isuhu yana gonar da ke maƙwabtaka da tawa. Ya yar da buhunsa, ya sheƙa zuwa tudu. Na ji ƙarfen sau uku. Sai harbi.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!" wani ya yi ihu daga cikin gonaki.

Ban kwanta ba. Na bi cikin karan gero da rarrafe har bayan gari. Can na iske Rabi da goyo, tana jan sauran yaran biyu. Bugun nan uku ne ya fito da su. Muka yi arewa cikin rairayi, ba takalmi, ba ruwa. Bayanmu rumbuna suna ci da wuta. Da azahar muka shiga Hawandawaki.

Ranar Alhamis wayar mai gari ta yi ƙara. Kwamandan ne, yana tambaya ko lafiya. Ina tsaye a wurin. Mai gari ya mayar da wayar aljihu.

Da muka koma gari, mutum shida muka rufe. Biyar a maƙabarta. Isuhu a gindin gawo, inda muka same shi, sandar bugun tana hannunsa.