Tuffar Ranar Annabi Iliya

A ƙauyensu da ke tsaunukan Bukovina, babu wanda bai san Saveta mai sharar coci ba, kuma babu wanda bai san cewa ita da mijinta Nikifor sun tsufa suna gardama a kan Littafi Mai Tsarki ba. Abin dariyar shi ne, shi yake karanta mata, don idonta ya yi rauni tun da wuri. Ya yi aikin gyaran tarakta a gonar gwamnati har ya ajiye, kuma duk abin da bai kwance ya ga cikinsa ba, bai cika yarda da shi ba.

Sai ya karanta yadda Annabi Iliya ya hau sama a karusar wuta, ya sauke tabarau ya ce, "To, dawakan nan na wuta, wace ciyawa suke ci?"

"Wadda Allah ya ba su," in ji Saveta. "Ci gaba, tsohon kwano."

"Ni fa ban ce ƙarya ba ce, tsohuwa. Labari ne aka tsara don a koya wa mutane wani abu. Ke kuwa kin tsaya ƙirga ƙafafun karusa."

"Yadda aka rubuta, haka ya faru. Gobe in aka yi tsawa, ƙarar karusarsa ke nan, ka fita ka gaya masa labari ne."

Saveta ba ta jin zafin wannan. Ta ɗauke shi kamar minsharinsa, abin da ba ya kashe aure. Wuri ɗaya ne gardamar ba ta taɓa shiga ba. Duk lokacin da karatu ya kawo su inda Iliya ya ta da ɗan gwauruwa daga mutuwa, Nikifor yakan juya shafin, ita kuma ta yi kamar ba ta lura ba. Suna da 'ya ɗaya, Domnika, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana 'yar shekara biyar. Tun daga jana'izar bai sake kiran sunanta ba.

A garin, iyayen da suka rasa yaro ba sa ɗanɗana sabuwar tuffar shekara sai ranar Annabi Iliya, a tsakiyar rani. Ranar sukan kai kwando coci a sa albarka, su raba wa yara da hannunsu. An ce a ranar ake raba tuffa ga yaran da ke Aljanna, kuma yaron da iyayensa suka riga suka ci, tsallake shi ake yi. Saveta ba ta taɓa fashi ba. Bishiyarsu tana nuna da wuri, 'ya'yan na faɗowa har bakin ƙofa, ita kuwa ko lasa.

A bana, saura kaɗan ranar ta zo, ta zame a matakalar coci da bokitin ruwa, ƙashin ƙugunta ya karye. Likita ya ce ba tafiya sai kaka. Ciwon bai dame ta ba kamar kwandon. Maƙwabciya ta ce za ta kai, amma hannun maƙwabciya ba hannun iyaye ba ne. Saveta ta kwanta tana ganin yarinyarta tsaye a layi, ana miƙa wa na dama da na hagu, ita hannu wayam. Tsoro ya kama ta sosai, kuma ba ta ga amfanin gaya wa mutumin da zai tambaye ta wace irin tuffa ake shukawa a Aljanna ba.

Da safiyar ranar, ta ji motsi a tsakar gida. Nikifor ya shigo da farar rigarsa ta biki, kwando a hannu, ya ma rufe shi da tawul ɗin da ta saba rufewa da shi.

"Ina za ka da wannan?" ta tambaya.

"Coci."

"Ajiye, maigida. Ba wasa ba ne. Wanda ya ci ba ya kaiwa."

"Wa ya ce miki na ci?"

"Kai da kake kwana ƙarƙashin bishiyar?"

"Kin taɓa gani na da ita a baki kafin ranar nan? Ko sau ɗaya, tun da aka binne yarinyar?"

Saveta ta tuna yadda kowace shekara yakan ce tuffar farko tsami gare ta, tana lalata masa ciki. Ita kuwa ta yarda, har tana dafa masa ganyen ciwon ciki.

Ta ce a hankali, "Ai ka ce duk labari ne."

Ya zauna a bakin gadon, kwandon a cinya. "Saveta, in da gaske Iliya ya ta da ɗan matar nan, to ina yake ranar da tamu ta tafi? Na kasa ɗaukar wannan. In labari ne, ina iya karantawa in yi barci. Amma in ya zamana ke ce da gaskiya, ana rabo a can, ba ni zan sa a tsallake Domnika ba."

Sunan ya fito masa da ƙyar. Saveta ta yi kuka, amma na sauƙin zuciya ne.

Ya tafi. Matan coci sun ce sai da ya tambayi wace ƙofa ake bi, kuma ya raba wa yara ɗaya bayan ɗaya, yana tsawatar wa masu neman biyu. Da ya dawo, guda ɗaya ta rage a kwandon. Ya yanka ta da wuƙar aljihunsa, ya miƙa mata rabi, suka ci.

"Da tsami?" ta tambaye shi.

"Da zaƙi," ya ce. Ya share wuƙar a wando, ya ɗauko Littafin da tabarau, ya buɗe shafin da ya daɗe yana tsallakewa. "Zan karanta miki wannan. Amma ki sani, ina da tambayoyi."

"Karanta tukuna," in ji ta. "Ina nan, ba inda za ni."