Mai Bargo a Wutar Kaka Dije

Ranar da ruwan farko ya sauka a ƙauyenmu na gefen Tama, shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ina tsugune gindin rumbun gero ina kallon dukiyata tana narkewa. Wata Alhamis ce da la'asar. Hadari ya taso ta bayan duwatsu, manya na ta murna suna kwashe shimfiɗu da itacen girki, ni kuwa sai da ruwa ya fara gudu a tsakar gida na tuna abin da na ɓoye ƙarƙashin rumbu. Kafin in isa ya riga ni. Mutanen laka da na jera a kan wani faffaɗan dutse duk sun zauna, wani kansa ya gangaro, wani hannunsa ya rabu da kafaɗa. Na miƙa hannu in ceci ko guda, ya zube tsakanin yatsuna kamar tuwon da bai yi ba. Yayata Tsahara, wadda ita ta gina su duka, ta zo ta tsaya a bayana da tabarma a ka. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi, har da majina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ban ƙara gina wani, sai wanda ruwa ba shi iya ci."

Asalin mutanen nan wani littafi ne. Kawu Idi, ƙanen mahaifiyarmu, ya dawo daga biɗar kuɗi a Abijan da rediyo, ya naɗe ta cikin wani tsohon littafin zane don kada ta fashe a mota. Rediyon ta zama ta manya, littafin ya zama nawa. Irin wanda ake zana mutane cikin ƙananan akwatuna ne, maganarsu na fitowa daga baki cikin wani kumfa. Da na kai shi lakwal, malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya ce da Faransanci sunan irinsa bede. Bangon ya yage, farko da ƙarshe babu, Faransancinmu kuma bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, don haka ba mu taɓa sanin sunan jarumin ba, balle abin da ya haɗa shi faɗa da mutane. Wani dogo ne mai faɗin ƙirji, da ɗamara mai kauri, da wani ƙyalle da ke tashi a bayansa duk inda ya yi tsalle. Mu dai abin yafawa da muka sani mai wannan girma shi ne bargo, sai muka sa masa Mai Bargo. Har gardama muka yi a filin lakwal kan ko garinsu sanyi gare shi haka.

Kowane yaro a ƙauyenmu ya iya gina shanun laka da raƙuma a bakin fadama, in an aike shi ban ruwan albasa ya saci jiki. Amma na Tsahara daban ne. Ita ce mai taya kakarmu, Kaka Dije, aikin tukwane, tun daga ɗauko yumɓu a kwando har dakan tsingaron da ake zubawa a ciki, don haka hannunta ya san ƙasa. Ni kuwa, Allah ya gani, ko kan jaki ban iya fitarwa ba, duk abin da na gina dankali yake zama. Abin da na iya shi ne kallo da tarawa. Ita ta gina, ni in karɓa, in jera, in hana kowa taɓawa. Yara su biyo ni bayan an tashi lakwal, in sa su wanke hannu, su tsuguna nesa, in riƙa nuna musu da tsinke: ku dubi yadda ya dunƙule hannu, ku dubi jijiyar wuyansa. Wanda ya ce ai duk laka ce, ba ya ƙara ganin ƙarƙashin rumbunmu.

Damina ta wuce, aka yi noma, aka yi girbi, Tsahara ba ta gina ko ɗan tsako ba. Na roƙa, na yi fushi, na ɗaukar mata tallan ƙuli-ƙuli, a banza. Sai da rani ya yi, Kaka Dije ta koma aikin tukwane gadan-gadan, sannan wata rana na ga Tsahara ta ware wani curin yumɓu mai kyau ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma a bayan ɗaki. Wannan karon Mai Bargo babba take so, mai tsawon kamu, kuma a wuta za a gasa shi. Matsalar farko ita ce bayansa. A cikin littafin nan kaf, mai zanen bai taɓa nuna Mai Bargo ta baya ba, kullum fuska ko gefe. Zane ba ruwansa, amma abin da aka gina dole a zagaya shi. Sai ta ɗauko bargon Baba, ta ɗaura mini a wuya, ta ɗora ni kan turmin da aka kifa, ta ce in tsaya haka har iska ta zo. Ina tsaye cikin rana, gumi na zuba, kaji na kallona, ita tana zagaya ni tana duban inda bargon ya naɗe da inda ya sake. In na motsa ta ce, "Isuhu, wallahi in ka sake motsi sai in yi shi da ƙusumbi, in ce kai na."

Da ƙayar aduwa ta fitar da idanu da layin yatsu, da murfin bik, wato biro, ta danna ƙusoshin ɗamara, da bayan cokali ta goge ƙirjin har ya yi sheƙi. Da ya fara ƙarfi, bai kai ga bushewa ba, muka ɗauke shi a faifai muka kai wa Kaka. Kowa ya san dokarta: ba abin da ke shiga wutarta sai abin da ta yarda da shi, don tukwanen nan su ne cefanenta, su ne goronta, kuma tulu guda in ya yi bindiga a cikin wuta sai ya tafi da na kusa da shi. Ta karɓe shi, ba ta ko dubi fuskar da aka sha wahala a kanta ba, ta auna nauyinsa a tafin hannu. Ta ce, "Wanga ƙato cike shi ke har zuci. Shina shiga wuta shi hwashe, shi kashe mani tukwane." Tsahara ta ce to yaya za a yi. Kaka ta zaro zare daga bakin zanenta, ta naɗa a yatsu biyu, ta ɗora a tsakiyar kan Mai Bargo ta ja ƙasa. A gaban idonmu ya rabu biyu, gaba daban, baya daban.

Na ƙwalla ihu kamar ni aka yanka. Tsahara ta juya ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Kaka kuwa ko a jikinta, ta rufe ɓarin biyu da tsumma, ta dube ni ta ce, "Kai kuma, mijin banza, mi kaka yi ma kuka? Tahi ka ce mata ta taho da cokali." Tsahara ba ta fito ba sai washegari, ido a kumbure. Kaka ta zaunar da ita, ta nuna mata yadda za ta ƙwaƙule cikin kowane ɓari, a bar kauri daidai da na bakin tulu, ko'ina ɗaya. Tana ƙwaƙula a hankali, don in cokalin ya zarce ta ƙirji shi ke nan. Sannan suka karce bakin ɓarin biyu, suka shafa ruwan yumɓu, suka haɗa. Kaka ta ce saura ƙofar numfashi, duk abin da zai shiga wuta sai an bar masa inda zafi zai fita. Ta nufi cibiyarsa da tsinke, Tsahara ta riƙe mata hannu. Nan suka yi ta ja, tsohuwa da jika, har aka shirya a kan a huda ƙarƙashin bargon, inda ba mai gani sai wanda ya kifa shi. Gyaran tabon zaren kuwa, daga goshi har ƙafa, ya ci wa Tsahara kwanaki, kuma ta hana ni zuwa kusa.

Ana gobe kasuwa aka yi gashi, a filin bayan gari inda ƙasa ta yi baƙi saboda toka. Mu yara muka yi ta jigilar kara da busasshen kashin shanu. Kaka ta jera randuna a tsakiya, tuluna da tukwane a kewaye, ta sa Mai Bargo a tsakanin tuluna biyu mafiya kyau. Wata maƙwabciyarmu da ita ma ta kawo nata kaskon ta ce, haba Dije, abin wasan yara za ki sa cikin abincinki? Kaka ta ce ita ta duba shi da hannunta, in ya fashe ita ta yi kuskure. Da iska ta kwanta bayan la'asar aka sa wuta. Muna tsaye nesa, zafi na dukan fuska, sai muka ji tas! daga cikin wutar. Ba wanda bai ji ba. Maƙwabciyar ta tafa hannu ta yi salati. Tsahara ta kama kafaɗata ta matse har sai da na ji zafi. Kaka ta ci gaba da tura kara inda wuta ta yi rauni, don ba a buɗe gashi sai ya huce.

Da hantsi muka koma. Kaka ta riƙa janye toka da dogon sanda, tana fitar da tukwane ɗaya bayan ɗaya. Tulu guda ya fashe, ɗaya daga cikin biyun nan masu kyau, gindinsa ya fita fat. A gefensa ga Mai Bargo kwance cikin toka, ja wur, kafaɗa ɗaya da baƙin tabon hayaƙi, ko yatsa bai rasa ba. Maƙwabciyar ta fara cewa ai ga shi nan, ɗan tsanan ne ya ci tulun. Kaka ta ɗaga tsingaron ta duba, ta ce a'a, gindin ne ta yi wa kauri, bai gama bushewa ba, kada a ɗora wa yarinya. Sannan ta ɗauki Mai Bargo, ta hure tokar, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa kusa da kunnenta, yadda take yi wa kowace tukunya kafin ta kai kasuwa. Ya yi ƙara siririya, tsaf. Ta miƙa wa Tsahara ta ce, "Ya nuna." Da damina ta dawo, Tsahara ta fitar da shi da gangan ta ajiye tsakar gida, ruwa ya yi ta dukansa, ita tana bakin ƙofa tana dariya.

Yau ina zaune a Tawa, ina da kanta guda cike da irin waɗannan mutane, na roba da na wani abu mai nauyi kamar dutse, waɗanda nake tsinta wurin masu kayan gwanjo. Matata ta gaji da yi mini tsiya a kansu. A salula kuma ina cikin wani zaure na masu tara su, daga ƙasashe daban-daban, mutanen da za su yini suna yaba yadda wani gwani ya fitar da naɗin riga ko jijiyar hannu, kuma wallahi gwanayen sun cancanci yabo. A ƙauye kuwa bidon roba, wato jarka, ya kori tulu, filin gashin nan an yi gidaje a kansa. Kaka Dije ta rasu tun ina kwaleji. Tukwanenta duk an sayar, an yi aiki da su, sun fashe, ko guda ban san inda zan samu ba. Cikin duk abin da ya bi ta wutarta, Mai Bargo kaɗai ya rage.

Yana Babankatami, a ɗakin auren Tsahara, bisa kwanukanta. Bara da na je gaishe ta na roƙe ta ta ba ni shi, na ce ina da wurin ajiya mai gilashi, ba ƙura, ba yara. Ta bar ni na ɗauke shi, na juya shi, na shafa inda zaren ya bi, wanda har yau ban iya gano shi da ido ba. Sannan ta karɓe abinta ta mayar, ta ce, "Tara naka na kanti, Isuhu. Wanga ni da Kaka munka yi shi." Na hau mota na dawo hannu wofi, ina jin haushi har Madawa. Daga can ne na yarda cewa ta fi ni gaskiya.