Ƙafar Baba da Labarin Jarida

Ko shekara nawa na yi a duniya, ba na jin zan manta da daminar da labarin jarida ya kusa raba mahaifina da ƙafarsa.

Lokacin ina ɗinki a Sabon Gari, nan Maraɗi. Kusa da shagona akwai fadar da muke zama shan shayi da la'asar, kuma a cikinmu akwai wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan. Shi ke samo jaridun Yamai, ya karanta da Faransanci, ya juya mana da Hausa. Abin da ya fito daga bakinsa, mu a wurinmu ya zauna.

Wata rana ya karanto mana cewa a wani asibitin gwamnati an yanke wa wani mutum ƙafa saboda sakaci. Fada ta ɗauki salati. Kafin mako ya zagayo, 'yan kabu-kabu sun kai labarin Tibiri da Jiratawa, kuma a hanya ya yi ƙiba. Mutum ɗaya ya koma duk wanda ya shiga asibitin da ciwon ƙafa.

A daidai wannan lokaci fartanya ta sari Baba a gonarsa ta Jiratawa. Yana da ciwon suga, sai miki ya ƙi warkewa. Da na je duba shi, tun daga bakin ɗaki na ji warin. Na ce ya tashi mu tafi asibiti.

"Mahauta za ka kai ni?" in ji shi. "Jarida fa ta faɗi. Ka bar ni in mutu da ƙafata."

Na yi lallashi, inna ta yi kuka, ya juya mana baya. Baba bai taɓa riƙe jarida ba, amma ya yarda cewa abin da aka buga a takarda ya wuce gardama.

Na koma na ba Mushe labari. Washegari da safe ya ce in ɗauke shi a babur. Muna isa ya zauna bakin tabarmar Baba, suka gaisa, sannan ya ɗaga rigarsa ya nuna masa tabon ɗinki a ciki.

"Malam, ni na karanta labarin nan da bakina, kuma ban ce ƙarya ne ba. Amma wannan aikin ma a asibitin gwamnati aka yi mini shi."

Baba ya ƙura wa tabon ido. "To, mi ya hana jaridar ta rubuta naka?"

"Wanda ya warke ya tafi gida, wa zai sayi labarinsa?"

Sai Baba ya ce a miƙo masa hularsa.

Ba zan ce mun tarar da aljanna ba. Mun sha layi, wasu magungunan a waje muka sayo, wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa ba gaira ba dalili. Amma likitan da ya duba Baba ya zauna ya yi masa bayani da Hausa, bai taɓa shi ba sai da ya amince. An cire babban yatsa, ƙafa ta tsira. Likitan ya ce da mun zo da wuri, ko yatsan ma da ba a taɓa ba. Wannan maganar ta daɗe tana cina.

Bayan wani lokaci jaridar nan ta buga yabon asibitocin gwamnati, har da hoton sabon gini. Mutanen fadarmu da suka yi ta tsinuwa suka koma sa albarka. Ni kuwa da nake kai Baba wankin miki, na san layin bai ragu ba, likitocin kirki ma ba a ranar suka fara kirki ba.

Tun daga nan ban daina sauraron jarida ba, don wata ɓarnar in ba ta tona ba, ba mai gyarawa. Sai dai na koyi cewa tana haska lungu ɗaya ne ta bar sauran gidan. In rai ne a tsakani, kafin ka yanke hukunci, nemi wanda ya shiga ya fito ka tambaye shi.