Rabon Littattafan Kawu

Kawu, wan mahaifiyata, tsohon malamin firamare ne a Kwatarkwashi, kuma shi kaɗai na sani a garin da ya ware wa littattafan labari ɗaki guda. Awaki su kwana a waje ruwa na dukansu, littattafai kuwa suna ɗaki mai rufin kwano. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

Ba ya ba mutum littafi haka kawai, sai ya ƙare masa kallo tukuna kamar mai kemis. Ina 'yar sakandare na kai hannu kan wani mai hoton fure a bango, ya buge min hannu.

"Ba wanga ba tukuna," ya ce. "Hwara da tsohhin nan sirara, ki ji yadda Hausa ka zama bisa takarda."

Da su na fara, labaran matafiya da sarakuna da 'yan duniya masu wayo. Da na gama ya tura ni ga na bincike, inda ake neman wanda ya yi kisa, wai su ne ke koya wa mutum lura. Na soyayya bai hana ni ba, amma ya ce in na ga an cinye shafuka ana kwatanta gashin ido da mota, in ajiye in je in yi wa Inna surfe. Sababbin da mata ke rubutawa kan asibiti da ofis da zaman haya, shi ya fara yaba min su, yana tsoho. Har na yi aure na koma Gusau, duk zuwan da zan yi sai ya ce ga wanda zan karanta, ga wanda kada in ɓata idona.

Ya sha ce min, "In na mutu littattafan ga naki na, ke ɗai ka buɗa su." Sai dai daga ni sai shi yake faɗa, babu shaida.

Da ya rasu, aka ɗauko malami daga Bungudu don rabon gado. Na san matsayina sarai, 'yar ƙanwa ba ta da kaso inda akwai 'ya'ya, kuma ban je neman gona ko saniya ba. Littattafan nake so su zauna wuri guda, ko a hannun wa. Magadan kuwa, ban da matarsa da ta ce ko kyauta ba ta son takardun, maza biyu ne da mace ɗaya. Babban yana sayar da taki a Tsafe, ƙaramin kuma yana zaune a Bungudu. Ban taɓa ganin ɗayansu ya karanta shafi a ɗakin nan ba.

Malam ya raba gonaki da dabbobi da hatsin rumbu. Da aka zo kan littattafan labari ya ce su sasanta tsakaninsu. Babban ya ce shi ba ya son hakkin kowa, a yi tuli biyar, biyu-biyu na maza, ɗaya na mace. Suka riƙa jefa littattafan ɗaya-ɗaya kamar masu kasa naman watanda, suna gwada tsayin tulin da karan dawa. Inda tuli ya gaza, a cusa tsofaffin siraran nan a cike.

Duk mai karatun littattafanmu ya san yawancinsu kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku. Ina tsaye ina kallo ana aika farkon labari Tsafe, ƙarshensa Bungudu. Zuciyata ta kasa daurewa.

"Yaya, don Allah ku duba bango, ku haɗa kowane da ɗan'uwansa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke kuma wa yas sa ki cikin rabo?"

Na koma gefe. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake, don sun yi adalcin da ya halaka abin da suke rabawa, kuma suna ta yi wa juna barka.

'Yar Kawu ce ta ji tausayina, ta kawo min nata tulin a buhu har gida. Na baje a tabarma, ban da sirara kaɗan babu labari ɗaya cikakke. A ciki har da kashi na biyu na wanda Kawu ya ce min kada in mutu ban karanta ba, labarin wasu manoma da aka kora daga ƙauyensu. Na nema a kasuwar Gusau, aka ce an daina buga shi.

Sai na hau mota zuwa Tsafe, na sami babban a shago, na roƙe shi aron kashi na ɗaya da ya faɗa a rabonsa. Ya nuna min sito, ga littattafan can a ƙasa, buhunan taki a kansu, gara ta fara gini a gefe.

"Yaya, gara hwa ci takai."

"Gadon ubana na," ya ce. "Ko gara ta canye su, nau ta ci."

Ya juya wajen mai sayen taki, ni kuma na fito neman motar Gusau.