Zakariya'u Mai Agogo da Raƙuman Dawan Gadabeji

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayi Malam Zakariya'u Shu'aibu a garin Jiratawa cikin shekarar 1958, mahaifinsa Malam Shu'aibu manomin lambu ne, mahaifiyarsa kuwa Tahira mai saƙar tabarma. Dattawan gidan sun tabbatar da cewa ya faɗo duniya tun kafin ungozoma ta gama ɗaura zane, kuma daga wannan rana bai sake yarda ya jira kowa ba.

Karatu

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi cikin 1965, inda mushen ajinsu, wato malaminsu, ya ɗora masa nauyin buga ƙarfen tashi. Ya riƙe amanar da tsananin da har ya taɓa buga ƙarfe shugaban makaranta na tsakiyar jawabi, lamarin da ya kawo ƙarshen muƙaminsa amma ya samar masa laƙabin Mai Agogo.

Aiki da Aure

Ya sami farmi, wato lasisin tuƙi, a 1979, ya kama hanyar Maraɗi zuwa Dakoro. Al'adar tasha ita ce mota ba ta tashi sai ta cika, shi kuwa da lokaci ya yi sai ya ja motarsa ko da mutum biyu ne da akuya, abin da ya jawo masa mutunci mai yawa da arziki kaɗan. A 1982 ya auri Zalihatu, 'yar Tsibiri, mace mai natsuwa wadda ba ta taɓa gama ɗaura ɗankwali ba tare da an matsa mata oda daga ƙofar gida ba. Suka zauna a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi.

Hidimar Gandun Daji

Bayan an kawo raƙuman dawa gandun dajin Gadabeji, a 2019 ya sa aka zana masa ɗaya a jikin mota, ya shiga kai baƙi kallo. Sai dai ya tsara wa dabbobin lokaci: su bayyana tsakanin azahar da la'asar, domin a sami magariba a Dakoro. Ma'aikatan gandun sun sha yi masa bayani cewa a wannan zafin dabbobin suna inuwa can cikin daji, sai rana ta yi sanyi suke fitowa kiwo, amma ya ɗauki wannan a matsayin rashin tarbiyya daga ɓangaren raƙuman. Shekara uku yana wannan sana'a, shi da baƙinsa ba su ga raƙumin dawa ba in ban da na jikin motar.

Tafiya da Zalihatu

A 2022 ganin Zalihatu ya soma raguwa, likita ya ce abin zai ci gaba. Ta roƙe shi abu ɗaya: ya nuna mata dabbar nan kafin idonta ya rufe. Ya kai ta, la'asar ta yi, ya sanar cewa raƙuman sun sake saɓa alkawari, ya nufi mota, sai ya tarar babu makulli. Ashe Zalihatu ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta shimfiɗa tabarma a gindin aduwa.

"Shekara arba'in kana tad da ni tsaye," in ji ta. "Yau kai za ka zamna."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo hujjojin addini, daga ƙarshe ya zauna yana hararar agogonsa. Da rana ta yi sanyi sai ga raƙuman dawa uku sun fito suna tsinkar ganye a saman itatuwa, cikin isa da rashin damuwa da kowa. Ya nuna mata da murna, a nan ne ya gane cewa ciwon idon ya riga ya yi nisa fiye da yadda ta faɗa masa, domin dogayen inuwoyi kawai take gani. Baƙin ciki ya kama shi matuƙa. Ya matso kusa da ita ya dinga kwatanta mata wuya da zanen jiki da gashin ido, ɗaya bayan ɗaya, har dabbobin suka wuce don kansu. Wannan ce rana ta farko da bai san lokacin da magariba ta yi ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Maraɗi cikin daminar 2024, bayan gajeriyar jinya. Ya bar wasiyyar kada a jira kowa wajen jana'izarsa, aka kuwa cika masa, sai dai a hanyar maƙabarta garken shanu ya tare hanya, masu makara suka tsaya har saniyar ƙarshe ta wuce a tsanake. Da aka ba Zalihatu labari cikin fargabar an saɓa wasiyya, sai ta ce kada kowa ya damu, ai ya koyi jira kafin ya tafi.

Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu: Maman Lawali, Fadila, Abdulrazak da Hidaya. Makullin motar yana bakin zanenta har yau. Allah ya jiƙansa da rahama.