Kunyar 'Yar Fari Ta Kusa Sa Ni Rasa 'Yata

A lokacin ina matar aure mai ɗanyen kai, haifaffiyar Tsafe, aure ya kai ni Gusau. Ina alfahari da abu guda: duk dangin mijina sun shaide ni da kunya. 'Yata ta fari ban taɓa kiran sunanta a gaban manya ba, ban taɓa yi mata wasa ana kallo ba. Ko kuka take yi sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba, ana yaba mini, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Amma akwai abin da na sani ni kaɗai. Wata rana ta tsinci guntun ƙuli-ƙuli ta tsotsa, nan take leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata har wuya. Na shafa mata man kaɗe, ya lafa. Ya sake faruwa ranar da ta lashi miyar gyaɗa. Daga nan na daina barin gyaɗa kusa da ita, na yi shiru da bakina, ko mahaifinta ban gaya wa ba.

Da lokacin yaye ya yi, muka kai ta wurin kakarta, mahaifiyar mijina, a Kekun Waje, kamar yadda aka saba. Tun daga zaure ƙamshin suyar ƙuli ya tare ni. Gidan manoman gyaɗa ne. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga mata cike da tsakar gida, na tuna za a ce ga marar kunya tana kafa wa uwar miji sharaɗi a kan 'yar fari. Na haɗiye maganata. Ina zaune ina kallo Inna ta dama kunun gyaɗa, ta ɗora jikarta a cinya, tana ba ta tana yi mata kirari.

Ko mayafina ban gama gyarawa ba na ji wani irin tari. Na waiga. Innalillahi! Fuskar yarinyar ta haye, idanunta sun rufe, numfashinta yana fita da ƙara kamar usur. Wata ta ce iska ce, wata ta ruga ɗebo garwashi a yi mata hayaƙi. Ban san lokacin da na kurma ihu na kira sunanta ba. Na fizge ta daga hannun Inna, na fita ba takalmi, na tare mai babur zuwa asibiti a Bungudu. A hanya jikinta ya saki, har na fara salati.

Allura aka soka mata a cinya, a hankali numfashi ya dawo. Likitan ya ce ba iska ba ce, garkuwar jikinta ce take ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba, sai ta tashi yaƙi har ta toshe maƙogwaro. Ya ce da mun tsaya hayaƙi, da sai dai wani labarin.

Inna ta iso ta zauna kusa da ni. Na jira faɗa, ban ji ba. Can ta ce mini, murya ƙasa-ƙasa, ita ma ɗanta na fari haka ya kumbura a makon yayensa, aka ce iska ce, kafin la'asar an rufe shi. Ta ce ta ga alamun a jikinsa tun kafin ranar, kunya ta hana ta faɗa, kuma ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Ban taɓa jin mijina yana da wa ba, shi ma ashe bai sani ba.

'Yan uwana mata, kunya ado ce, ban musa ba. Amma in kin ga wani abinci, ko gyaɗa, ko ƙwai, ko madara, yana kumbura ɗanki, ki faɗa da babbar murya a gaban kowa, ki kai shi asibiti. Gara a ce ba ki da kunya da a zo yi miki ta'aziyya.