Safar Hannun Ɗan Farin Kaka

A shekarun da muka zauna a unguwar Najma, can ƙasar Larabawa, lokacin sanyi ne kawai ake iya hira a saman bene. Da an idar da magariba Baba zai hura gawayi a kasko ya ɗora shayi, kafin kafil ɗinsa, wato ubangidan da yake wa direba, ya kira shi ya fita da mota. Kaka, mahaifiyarsa, wadda aka kawo daga Kano aikin ido ta zauna tare da mu, takan miƙe ƙafafunta kusa da wutar. Jirage na saukowa ƙasa-ƙasa ta saman kanmu. Ni kuwa, ɗan shekara goma sha ɗaya, ina rakuɓe da littafi da biro, ina rubuta kowace tatsuniya tare da ranar da aka yi ta.

"Wannan miji nawa," takan ce, "ba cefane, sai rubutu. Matso kusa, ga ta nan ta iso."

Akwai guda ɗaya da ba ta yi sai ranar Alhamis. Takan ɗauko wata ƙatuwar safar hannu ta fata daga akwatinta, da farin ƙwallo mai jan ɗinki a cikinta. Tana magana tana shafa wa fatar man kaɗanya, kamar yadda ta ga mahaifinta baduku yana yi.

Labarin wani yaro ne bahago, mai korar tsuntsaye a gonar gero, wanda dutsensa ba ya kuskure. Karatu ya kai shi jami'a a Amurka. Can suka ga jifarsa, suka sa shi wasan besbol, inda wani ke jefa ƙwallo wani na jiran ya make shi da gora.

"Sai ya jefa," in ji Kaka, "mai gorar ya zabga wa iska duka. Sau uku. Ya koma ya zauna da kunyarsa."

Da safe yaron na ɗakin karatu, da yamma yana fili. Shi ne na ɗaya a ajinsu, kuma da hannunsa makarantarsu ta ci kofi. Saura 'yan makonni a yaye su, ya ce wa abokansa zai je bakin kogi ya sha iska. Nan Kaka ke tsayar da labarin, ta sallame mu.

"Ku tashi, an kusa kiran isha'i."

Littafina ne ya nuna mini abu biyu. Kowace tatsuniya Kaka na rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. Kuma yaron ba shi da suna. Na yi kwanaki kafin na iya tambayar Baba, a mota, kan hanyar makaranta.

"Yayana ne, Habu," ya ce, idonsa na kan titi. "Ɗan farinta ne, ka san ba za ta kama sunansa ba. Ba a ga gawarsa ba. Safar da ƙwallon da takardar shaidarsa kawai aka aiko. Har yau ta hana a yi masa sadaka, wai bai mutu ba. Khalas, shi ke nan, kada ka tayar mata."

Amma ni tun ina yaro ba na iya barin shafi a buɗe. Alhamis ta zagayo, Kaka ta kai yaron bakin kogi, ta yi shiru. Sai na ji bakina ya ce, a hankali, "Ƙurunƙus."

Babu iska a ranar. Safar na kan tabarma, ba wanda ya taɓa ta. Ina kallo yatsunta suka saki, kamar hannun wanda ya gaji da riƙo. Ƙwallon ya gangaro kan siminti, ya kewaye kaskon wuta, ya tsaya a jikin ƙafar Kaka. Baba ya ƙame da buta a hannu.

Ta laluba ta ɗauka. "Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Kaka."

"Shekara ashirin ina tsare da shi a bakin kogin nan, kada ya shiga." Ta daɗe tana juya ƙwallon a tafinta. Sannan ta faɗi abin da Baba bai taɓa ji daga bakinta ba: "Allah ya jiƙanka, Habu."

Washegari Juma'a ta sa aka sayo dabino aka raba a ƙofar masallaci. Ba ta sake yin wannan tatsuniya ba.

Na daɗe ina zaton laifi na yi mata. Sai da na girma na gane cewa tatsuniyar ce kaɗai hanyar da kunya ta bar mata ta yi alfahari da ɗanta a gaban mutane, kuma ba za ta iya rufe ta da bakinta ba. Ko jira take wani ya rufe mata, ban sani ba, ban kuma tambaye ta ba har ta rasu.

Safar tana wurina yanzu. Ina shafa mata man kaɗanya duk Alhamis, na sa ƙwallon a ciki. Fatar ta yi laushi sosai, amma tun ranar nan ba ta ƙara riƙe shi ba.